Tsofaffin Motocin Sintiri na 'Yan Sandan Amurka: Amsoshin Tambayoyin da Suka Ishe Ni

Tun da mutane suka gane ina bin tarihin tsofaffin motocin Amurka na rasa sukuni. A majalisa, a gareji, har a wurin ɗaurin aure, sai wani ya ja ni gefe ya yi mini tambayar da na amsa jiya. To, ga amsoshin na tara wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wacce ce ta fi gudu a cikinsu?

A cikin manyan masu ƙofa huɗu, Dodge Polara ta 1969. Silinda takwas, injin da Amurkawa ke kira 440, ƙarfin doki 375 a takarda. A filin gwajin kamfanin Chrysler da ke Chelsea a jihar Michigan ta yi mil 147 a awa, kusan kilomita 237 ke nan. Za ka ji wasu na cewa 149, ba zan yi faɗa da kowa a kan mil biyu ba. Rundunar sintirin manyan hanyoyi ta Kalifoniya ce ta fi yin suna da ita. Ƙofa huɗu gare ta, nauyinta wajen tan biyu.

Mene ne wannan 440 ɗin? Ƙarfin doki ne?

A'a. Girman cikin silindojin ne gaba ɗaya da awon inci irin na Amurka. Ka raba da 61 ka sami lita: 440 lita 7.2 ne, 318 lita 5.2, 401 lita 6.6. Ka riƙe wannan, ba zan maimaita ba.

An ce akwai injin sirri da ba a sayar wa kowa sai 'yan sanda.

Wanda ya gaya maka, a fim ya gani. Injin da ke cikin Polara ta 'yan sanda shi ne wanda duk mai kuɗi zai shiga shagon dila a 1969 ya saya a cikin Dodge Charger R/T ko Plymouth GTX. Abin da ya raba motar 'yan sanda da ta gida yana wuraren da yara ba sa leƙawa: lagireto babba, na'urar sanyaya man giya, janareta mai ƙarfin ɗaukar rediyo da fitilu da jiniya, sifirin da shokozoba masu tauri, birki mai jure zafi, da maleji da aka tantance ingancinsa saboda shi ne shaida a kotu. Ford ne ya fara haɗa irin waɗannan kayan a matsayin tsari na musamman ga 'yan sanda a 1950, sauran kamfanonin suka biyo baya cikin shekarun hamsin.

Kowace mota mai babban inji tana iya kure maleji na minti biyu. Wadda za ta yini a tsaye inji na aiki cikin zafin hamadar Kalifoniya, sannan a ba ta wuta nan take ta yi kilomita talatin a guje ba ta tafasa ba, ita ake nema.

To kenan duk shekara suna ƙara gudu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni haushi, domin mai yin ta ya ɗauka tarihi tsani ne, kullum sama ake yi. Bayan 1970 motocin nan faɗowa suka yi, faɗuwa mai muni.

Abubuwa ne suka taru. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska, kamfanoni suka shiga rage matsin inji domin ya iya shan fetur marar dalma. Injin 440 da matsinsa ya ɗan haura goma bisa ɗaya a 1969, zuwa 1972 ya sauko kusan takwas bisa ɗaya. A 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, layi ya cika gidajen mai, a farkon 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta tsayar da gudu a mil 55, kilomita 89, a duk faɗin ƙasar. A 1975 aka fara ɗaura wa motoci na'urar tace hayaƙi a salansa, wadda a wancan zamanin shaƙe inji take yi. Duk da haka 440 ya ci gaba da lallaɓawa. A 1978, shekararsa ta ƙarshe a cikin ƙananan motoci, Plymouth Fury mai ƙarfin doki 255 ta yi wajen mil 133 a gwajin 'yan sandan jihar Michigan.

Daga nan sai abin kunya. A 1980 rundunar Kalifoniya ta karɓi Dodge St. Regis, kuma saboda dokar hayaƙin jihar ta fi ta ko'ina tsauri, injin 318 mai ƙarfin doki 155 kawai aka iya ba su. Babbar mota, ƙaramin numfashi. Ka ɗora mata fitilar rufi mai tare iska, ka cika but da kayan aiki, jami'ai suka yi ta kukan cewa da ƙyar take leƙa mil 100 a miƙaƙƙiyar hanya, a hawan dutse kuwa ba a magana. Shekara goma sha ɗaya kacal tsakaninta da Polara. Ɗan sandan da ya fara aiki a kan waccan ya tarar da kansa yana kallon masu laifi suna ɓace masa a kan wannan.

Yaya suka fita daga wannan?

Suka koma ƙaramar mota. A 1982 Kalifoniya ta sayi Ford Mustang kusan 400, injin lita 5.0, ƙarfin doki 157. Lura da kyau: doki biyu kawai ta fi St. Regis, amma da yake ba ta da nauyi sai ta haura mil 120. Daga baya aka kai injin 225. Zuwa 1993 an ƙera wa hukumomi wajen 15,000. Matsalarta ɗaya, kujerar baya ba ta ɗaukar wanda aka kama, sai an kira wata mota.

Ba su ne farko ba ma. Jihar Alabama ta riga su tun 1971 da AMC Javelin mai injin 401, kuma arha ce ta kai su, ba burga ba. Babbar mota mai ƙofa huɗu ba ta dawo da martabarta ba sai 1994, da Chevrolet Caprice mai lita 5.7 da doki 260, wadda ke taɓa mil 140.

Na ga wata ana sayarwa a Amurka, an ce ta 'yan sanda ce ta asali mai doki 375. In na saya za ta yi gudun da aka rubuta?

Nan sai ka zauna, domin amsar ba ɗaya ba ce, kuma duk wanda ya ba ka e ko a'a kai tsaye bai taɓa buɗe bonet ɗin irinta ba.

Fara da lambar 375 ɗin kanta. Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna inji ne tsirara a kan benci: babu matatar iska, babu cikakken salansa, babu kayan da ke rataye a jikinsa suna cin ƙarfi. Daga 1972 aka koma aunawa da komai a ɗaure, yadda yake a cikin mota. A 1971 Chrysler ya buga duka biyun, kuma injin 440 mai ƙarfi ya fito da 370 a tsohon awo, 305 a sabo. Inji ɗaya, shekara ɗaya, doki 65 sun tafi a kan takarda kawai. Don haka 375 ɗinka, in za a gwada shi da motar yau, ka ɗauke shi a matsayin ɗari uku da 'yan kai. Wannan ma yana nufin faɗuwar shekarun saba'in da na ba ka labari, wani ɓangarenta canjin awo ne, ko da yake mafi yawanta gaskiya ce.

Sai asalin motar. Fenti baƙi da fari da fitila a rufi kowa na iya yi, kuma an yi da yawa. Lambar jikin mota za ka duba. A motocin Chrysler na 1969, harafi na biyu in K ne to ta 'yan sanda ce, harafi na biyar in L ne to da 440 mai doki 375 ta fito daga masana'anta. A Ford Crown Victoria, motar sintirin da ta zo daga baya, ka nemi P71 a cikin lambar, a Caprice kuma 9C1 a takardar kayan da aka liƙa mata. Amma kada ka yi saurin murna: lambar tana gaya maka abin da motar ta fito da shi ne, ba abin da ke cikinta yau ba. Mota mai shekara hamsin da ɗoriya, mai yiwuwa an sauke mata inji sau biyu. Sai ka sa an duba lambar da aka buga a jikin injin.

In ma komai na asali ne, ya danganta da giyar ƙafar baya. Ta sintirin babbar hanya ana ba ta doguwar giya don gudu, ta cikin gari gajeriya don saurin tashi, kuma sunan motar ɗaya ne. Ko a Crown Victoria ta baya-bayan nan haka ne: wata an ƙayyade ta a mil 129, wata a 119, bambancin giyar baya ne kawai. Ba kuma duk motar 'yan sanda ce ke da babban inji ba, da yawa daga na cikin gari silinda shida ne ko ƙaramin V8, wato mai silinda takwas.

Ga batun mai. Injin 1969 an gina shi ne don fetur mai dalma, mai ingancin da ke jure matsi sosai. Fetur mai dalma ya ƙare a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina a 2021. In ka zuba masa man da bai kai ba zai riƙa ƙwanƙwasa, bakanike ya ja taimin baya don ya yi shiru, ƙarfi ya ragu. Wani injin an riga an gyara masa mazaunin bawul don man zamani, wani ba a yi ba, sai ka tambaya. Kafireta ma tana son mai hannu, kuma masu wannan hannun suna ƙarewa.

Kada maleji ya ruɗe ka. Motar 'yan sanda ta fi tsufa a tsaye. Ford da kansa yana lissafa awa ɗaya ta inji na aiki a tsaye daidai da tafiyar mil 33.

To a ce duk ka tsallake waɗannan. Za ta iya? Wataƙila, in an sake gina injin da kyau, a hanya mai santsi, babu fitila a rufi. Ya kamata ka gwada? Haba malam. Waccan lambar ƙwararren direba ne ya same ta a rufaffen filin gwaji da sabuwar mota fil. Taka tana da tsofaffin robobi, sitiyari mai wasa, birki mai ganga a baya wanda ke sakin jiki in ya yi zafi, babu na'urar hana taya kullewa, babu jakar iska. Taya kuma tana da harafin iyakar gudunta: T kilomita 190, H 210, V 240. In ba ka san harafin tayarka ba, ba ka da abin yi da wannan tambayar. Amma kada ka karaya da sayen. A kilomita 100 ma motar tana da daɗin da ba za ka samu a wata ba, rurin injin kaɗai ya biya ka.

Ita da Camry ta zamani, wa zai ci?

Camry mai V6 ta 2007, wadda ta cika titunanmu, doki 268 gare ta a sabon awo kuma ba ta kai Polara nauyi ba. Daga tsaye zuwa kilomita 100 kusan kai da kai za su yi, daƙiƙa shida da 'yan kai. A kwana da birki kuwa Camry za ta bar ta a baya ba tare da direban ya kashe rediyo ba. Kada ranka ya ɓaci, shekara kusan arba'in ce tsakaninsu.

Me ya sa tun farko suke buƙatar irin wannan gudun?

Saboda ɓarayi sun riga su. Ford ya fito da V8 mai arha a 1932, doki 65, 'yan fashin bankuna suka so ta fiye da kowa. A 1955 Kalifoniya ta sa Buick ya ƙera mata Century ta musamman wajen guda 270, doki 236. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka ratsa jihohi, hanya ta miƙe, matasa suka sami manyan injuna.

Amurka ce kaɗai?

A'a. 'Yan sandan Holan sun yi sintiri da Porsche daga 1962 har 1996. Na Landan sun sayi Daimler SP250 a 1961 don kama 'yan babur masu tsere. Na birnin Rum sun taɓa riƙe Ferrari 250 GTE a farkon shekarun sittin.

In motar mutum ta fi tasu gudu, ya tsira kenan?

Rediyo suke da shi. Wanda ke bayanka ba sai ya cim maka ba, abokinsa na jiranka a gaba. Kuma ban san me ya sa kake wannan tambayar ba.

Mai fa, nawa take sha?

Irin su 440, ka lissafa kilomita huɗu zuwa biyar a lita in kana lallaɓa ta. In ka taka, da idonka za ka ga allurar tanki tana sauka.