Waiwaye: Yadda Manhajojin BBS Suka Zama Marayu

Gardamar da masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci ke yi a yau kan manhajojin BBS, wato allunan saƙonni na kwamfuta da ake shiga ta layin tarho kafin yaɗuwar intanet, ta kasu biyu. Wasu na cewa duk manhajar da mai ita ya ɓace fiye da shekara 25, babu laifi a ɓalle mata kulle a raba wa kowa. Wasu kuma na cewa haƙƙin mallaka ba ya mutuwa don mai shi ya yi shiru. Rasuwar Randy Suess a 2019 da ta Ward Christensen a Oktoban 2024 ta tuna wa jama'a cewa waɗanda suka kafa harkar suna ƙarewa, don haka ake ganin kamar matsalar yanzu ta kunno kai. Alhali ta daɗe.

Farkon labarin sananne ne. Christensen da Suess ne suka kunna CBBS, allon BBS na farko, a birnin Chicago na Amurka ranar 16 ga Fabrairun 1978: kwamfuta guda, modem guda (na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho), layin tarho guda. Mutum ya buga lambar daga tasa kwamfutar, ya karanta saƙonnin da aka bari a allon, ya bar nasa, ya kashe don wani ya samu shiga. A 1984 Tom Jennings ya ƙirƙiro FidoNet, inda alluna ke kiran juna da tsakar dare, lokacin da kuɗin waya ke da sauƙi, su yi musayar wasiƙu. An raba duniya shiyya shida, Afirka ce ta biyar. Gudun modem, wato adadin ɗigon bayanai (bit) da yake aikawa a daƙiƙa, ya tashi daga 300 zuwa 2,400, ya kai 14,400 da 28,800. A 1994 an ƙiyasta alluna kusan 60,000 a Amurka kaɗai. Sai intanet ta iso gidaje, cikin 'yan shekaru layukan suka yi tsit.

A nan yawancin masu ba da tarihin ke tsayawa, kamar intanet ce ta kashe komai. Intanet ta kwashe masu kira, gaskiya ne, amma ba ita ta ɓatar da manhajojin ba. Abin da ya yanke hukuncin wacce za ta rayu da wacce za ta mutu ya faru ne a ɓoye tsakanin 1995 da 2000, kuma tushensa yana cikin yadda aka sayar da su tun farko.

Kaso mai yawa na manhajojin, musamman ƙananan wasanni da kayan aikin da ake liƙa wa allo, waɗanda 'yan harkar ke kira ƙofofi, mutum ɗaya ne ya rubuta su a ɗakinsa. Tsarin cinikin shi ne ɗanɗana kafin ka saya. Ka sauke manhajar kyauta, tana aiki amma an rage mata ƙarfi: ko ta ƙayyade yawan layuka, ko ta tsayar da ɗan wasa a wani mataki, ko ta riƙa jinkiri tana nuna cewa ba a yi rajista ba. In ta yi maka, sai ka aika 'yan daloli zuwa akwatin gidan wayar marubucin, shi kuma ya aiko maka da mabuɗi. Mabuɗin nan lamba ce ko ɗan ƙaramin fayil, kuma sau da yawa an ƙulla shi da sunan mai allon da sunan allon, ta yadda harafi ɗaya ya canza ba zai buɗe ba. Manhajar da ke haifar da mabuɗan tana hannun marubucin kaɗai, a kwamfuta guda, kusa da rubutun tushe, wato asalin umarnin da ya rubuta da hannunsa kafin a sarrafa shi zuwa harshen na'ura.

Da kuɗin rajista suka daina shigowa, marubuci ya daina biyan hayar akwatin gidan waya, ya kashe allonsa, ya kama wani aiki. Babu wanda ya yi mugunta a nan. Kowa ya ɗauka zamanin abin ya wuce. Kwamfutar ta koma ɗakin ajiya, daga baya ta tafi bola ko faifanta ya ƙi juyawa. Kwafin ɗanɗano kuwa sun watsu ko'ina, domin kamfanoni sun riƙa tara su dubbai a faifan CD suna sayar wa masu alluna. Shi ya sa a yau ake da ɗimbin manhajoji a kulle, ga su a hannu, amma babu mabuɗi, babu wanda za a biya, babu tushen da za a gyara.

Rashin tushen bai nuna illarsa nan take ba. Sai da abubuwa uku suka biyo baya a jere.

Na farko saurin kwamfuta. Manhajoji da yawa an rubuta su da Turbo Pascal, wani kayan rubuta manhaja, wanda ke da wani sashe mai auna saurin na'ura duk lokacin da aka kunna manhaja. Yakan ƙirga zagaye nawa na'urar ke yi cikin bugun agogo ɗaya, kimanin kashi 55 cikin dubu na daƙiƙa, ya raba adadin da 55, ya ajiye amsar a gurbin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 65,535. A zamanin da aka tsara shi wannan gurbi ya ishe kowace na'ura. Da injuna suka haura gudun megahaz 200 ko makamancin haka, amsar ta fi gurbin, sai manhaja ta mutu tun kafin ta nuna komai, da saƙon kuskure mai lamba 200. Mai tushe zai sake sarrafa manhajarsa da gyararren sashe cikin minti kaɗan. Wanda ba shi da tushe dole ya buɗe cikin fayil ɗin ya canza 'yan lambobi da hannu ko da wata ƙaramar manhajar faci. In an matse fayil ɗin da PKLITE ko LZEXE, sai an warware shi tukuna. Abin haushi, wasu marubutan sun sa manhajarsu ta riƙa duba kanta don gudun masu satar mabuɗi, saboda haka da ta ga an taɓa ta sai ta ƙi tashi. Kullen da aka yi don ɓarawo shi ne ya hana mai gyara shiga.

Na biyu shekarar 2000. An saba rubuta shekara da lambobi biyu, har cikin kan saƙon FidoNet haka yake. Da ƙarni ya juya, wasu manhajojin suka nuna shekara 100, wasu suka koma 00 suka ɗauka 1900 ce. Inda ake share tsofaffin saƙonni ko asusun da ya daɗe bai shiga ba ta hanyar ƙirga kwanaki, lissafin ya rikice. Har yau wasu masu adanawa kan mayar da agogon na'urar kwaikwayo, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, baya zuwa shekarun 1990 don kauce wa wannan.

Na uku shi ne Windows na zamani mai bit 64, wanda ba ya tafiyar da manhajojin DOS masu bit 16 kai tsaye, DOS kuwa shi ne tsohon tsarin da aka rubuta yawancin manhajojin nan dominsa.

Idan aka dubi manhajojin tafiyar da allo waɗanda suka tsira, sai hoton ya fito sarai. Rob Swindell ya saki tushen Synchronet a 1997, kuma har yanzu ana ci gaba da gina ta. WWIV ta Wayne Bell tun asali tana bai wa masu rajista tushenta, daga nan Telegard ta samo asali, Renegade kuma ta fito daga Telegard. Scott Dudley ya saki tushen Maximus a farkon shekarun 2000. Ba lallai ne su suka fi kowa kasuwa a zamaninsu ba. Tushensu ne ya fita daga ɗaki ɗaya kafin ɗakin ya rufe.

Wani abu da ya taimaka ba da gangan ba shi ne FOSSIL, ƙa'idar da 'yan FidoNet suka tsara a shekarun 1980 don manhaja ta riƙa magana da modem ta hannun ɗan tsakiya maimakon ta taɓa na'urar da kanta. Duk ƙofar da ta bi wannan ƙa'ida, a yau sai a sauya ɗan tsakiyar da na zamani irin su NetFoss, ta riƙa karɓar baƙi ta intanet tana zaton tarho ne. Wadda ta ƙi bi sai an sa ta cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, ko makamancinsa an kwaikwaya mata modem ɗin ɗungurungum, har da ƙarar shigowar kira da amsar umarnin AT da ake ba modem. Sannan allon ya rubuta mata ɗan fayil ɗin miƙa baƙo, DOOR.SYS ko DORINFO1.DEF, mai ɗauke da sunan mai shiga da mintocin da suka rage masa. Layi ɗaya ya kauce, ƙofar ta kore shi. Mai kira kuma yana buƙatar manhaja irin SyncTERM mai gane haruffan CP437, wato jerin haruffan tsofaffin kwamfutocin DOS, da fuskar kwamfuta mai gurbi 80 a layi 25, in ba haka ba zane-zanen su koma shirme.

Ceto daga tsofaffin faifai aiki ne na haƙuri. Fulofi mai inci 5.25 da ya kwana a danshi yakan yi fumfuna, in aka zura shi haka sai ya kankare kansa ya ɓata kan na'urar karatu. Ana duba fuskarsa a haske, a tsabtace, sannan a ɗauki hoton maganaɗisunsa gaba ɗaya da na'ura irin Greaseweazle tun a karatun farko, domin wani faifan ba ya jure na biyu. Daga hoton ake aiki, ba daga faifan ba. Tsohuwar kwamfuta kuwa ba a kunna ta sai an duba batirin da ke kan allon uwa, babban farantin lantarkin cikin kwamfuta, wanda kan zubo ya cinye layukan tagulla. Abin da aka samu akan ajiye shi yadda yake, a cikin matsattsen ƙunshinsa na asali, ARC ko ARJ ko ZIP, saboda kwanan watan fayilolin shi ne shaidar wane juyi na manhajar ne.

Ta fuskar doka, kalmar "yasasshiyar manhaja", wato wadda mai ita ya watsar, ba ta da gurbi. A Amurka haƙƙin marubuci na kaiwa shekara 70 bayan mutuwarsa. Sassaucin da aka yi a 2018 na ɓalle kulle don adanawa ya shafi ɗakunan karatu da gidajen tarihi da ma'ajiyoyi ne, bai shafi mai allo a ɗakin kwanansa ba. Shi ya sa babban aikin ƙungiyoyin masu sha'awa a yau ya koma cigiya: a ɗauko suna da adireshin da ke ƙarshen takardar rajista ta 1993, a bi diddigi, a rubuta wasiƙa ana roƙon abu uku, wato tushe in yana nan, manhajar mabuɗi, da izini a rubuce. Wasu kan amsa da murna su ba da duka. Wasu kan ce sun sayar da haƙƙin ga wani tun tuni, shi ma sai an nemo shi. Wani lokaci kuma magada ne ke amsawa, waɗanda ba su taɓa jin sunan manhajar ba.