Badalar Kano da UNESCO: wa zai biya kuɗin gyara?

Wai me ake nufi in an ce wuri ya shiga jerin kayan tarihin duniya?

Yarjejeniya ce aka ƙulla a 1972 ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Najeriya da Nijar duk sun shiga a 1974. Ƙasa ce da kanta take kai sunan wurinta, ƙwararru su zo su duba, kwamiti ya zauna ya amince ko ya ƙi. Najeriya biyu gare ta, Sukur da ke kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta Adamawa (1999) sai dajin Osun a Osogbo (2005). Nijar uku: tsaunukan Ayar da hamadar Tenere, gandun dajin W, da tsohon garin Agadas mai hasumiyar laka ta mita 27, wanda ya shiga a 2013.

To badalar Kano fa, ba ta ciki?

Ba ta ciki, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Tun 2007 aka rubuta ta a jerin masu jiran layi, ita da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, haka ma Surame, kufan tsohon birni a jihar Sakkwato. Wannan jerin ƙasa ce ke rubuta shi don nuna niyya kawai, kamar an kai kuɗin na-gani-ina-so ne ba a ɗaura aure ba.

In wuri ya shiga, UNESCO ce ke ɗaukar nauyinsa?

A'a wallahi. Akwai asusu na duniya da ƙasashe ke zuba wa kashi 1 cikin ɗari na abin da suke biyan UNESCO, amma 'yan miliyoyin dala ne a shekara ga wurare sama da dubu ɗaya, to raba ka gani. Ɗan tallafi ne na horas da ma'aikata ko agajin gaggawa, kuma sai gwamnati ta rubuta ta nema. Akwai wani asusun na Afirka da aka kafa a 2006, shi ma tallafi ne. Albashin masu gadi, hanya, yaɓe kafin damina, duk a wuyan gwamnati yake, a Najeriya hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, ita ke riƙe da aikin. Ko da Boko Haram suka ƙona wasu sassan Sukur a 2014 sunan UNESCO bai tare su ba.

Me ya hana badala shiga har yanzu?

A ganina abin da ake nema ne ba mu tanada ba. Dole gwamnati ta shata iyakar wurin a taswira, ta nuna dokar da ke kare shi da tsarin kula da shi da inda kuɗin zai fito, sannan a tarar da abin yana nan da asalinsa. Yanzu ka bi gefen ganuwar da ƙafa ka gani, nan an yashe ƙasa an yi bulo da ita, can an jingina mata shago, gaba kaɗan bola ce, wani wurin ma sai dattijo ya nuna maka da sanda ya ce ai ta nan ta bi. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu fa, shekara kusan 900, abin yana min ciwo ƙwarai. Ginin ƙasa in ba a yaɓe shi ba ruwan sama kaɗai ya ishe shi.

Ana iya cire wuri bayan ya shiga?

Ana yi, sau uku ya faru. Oman a 2007 bayan ta zaftare filin namun dajinta, Dresden ta Jamus a 2009 saboda gadar da aka gina, sai Liverpool ta Ingila a 2021 saboda sababbin gine-gine a bakin ruwa.