Tasirin coci a muryoyin mawaƙan pop da rock na Amurka

Tasirin coci na daga cikin abubuwan da suka haɗa mawaƙan Amurka da dama waɗanda salonsu ya yi hannun riga da juna, domin a majami'a suka fara buɗe murya tun suna yara, kafin kowannensu ya kama hanyar da duniya ta san shi da ita.

Misalin da ya fi ba da mamaki shi ne na Axl Rose da Katy Perry. An haifi Rose, jagoran ƙungiyar mawaƙan rock ta Guns N' Roses, a 1962 a garin Lafayette na jihar Indiyana, kuma an san shi da murya mai kaushi da ihu mai tsini. Perry kuwa, wadda aka haifa a 1984 a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya, da waƙoƙin pop masu sauƙin kamawa ta yi suna. Duk da haka, a gidajen mabiya ɗarikar Fentikos su biyun suka tashi. Rose ya riƙa rera waƙa a coci tare da ƙannensa, ita kuma Perry iyayenta fastoci ne, har ma faifanta na farko, wanda ya fito a 2001 da sunan Katy Hudson, na waƙoƙin addini ne.

Abin da majami'a ke koya wa yaro mai murya a bayyane yake: yadda ake ba da waƙa jama'a su amsa, da yadda ake farawa a hankali sannan a ɗaga murya mataki-mataki har zukata su motsa, da kuma lanƙwasa gaɓa guda a kan sautuka masu yawa. Babu muryar da aka fi jin wannan lanƙwasa a cikinta kamar ta Whitney Houston, wadda ta koyi waƙa a cocin New Hope Baptist da ke Newark ƙarƙashin mahaifiyarta Cissy Houston, kuma tarbiyyar cocin baƙaƙen fata ce ta ba muryarta wannan nauyi. A waƙoƙin Perry kuwa alamar ba ta fito sosai ba.

Elvis Presley, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin rock, a cocin Assembly of God da ke garin Tupelo ya fara sauraron irin wannan waƙa, kuma bai taɓa rabuwa da ita ba. Lambobin yabo uku na Grammy da ya lashe a gasa, dukkansu a kan waƙoƙin bishara ya same su.