Alaƙar gado tsakanin cutar lupus da ciwon zuciya a jikin mata

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta kama yaƙar mai ita, ta taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda, har zuciya da jijiyoyin jini. A cikin mutum goma masu ita kusan tara mata ne, yawanci tana tasowa a shekarun haihuwa.

Tarihi

Sunan daga Latin ne, ma'anarsa kyarkeci, ana cewa wai wajen ƙarni na 13 aka fara kiranta haka saboda gyambon fuskar ya yi kama da cizo, amma ba a tsaya a kan lokaci ɗaya ba. An daɗe ana mata kallon ciwon fata kawai sai a 1872 likita Moriz Kaposi a Biyana ya nuna tana shiga cikin jiki, a 1924 kuma likitoci Libman da Sacks a New York suka bayyana wasu tsiro a ƙofofin zuciyar marasa lafiya waɗanda ba ƙwayar cuta ta kawo su ba. Maganar lupus da zuciya ta ɗauki zafi ne a 1976 da likita Urowitz da abokan aikinsa a Toronto suka lura mutuwar masu lupus kashi biyu ce, na farko-farko cutar kanta ko wata cuta da ta samu ƙofa ke ɗauke su, waɗanda suka jima da ita kuwa bugun zuciya ne. Binciken Susan Manzi na 1997 a Pittsburgh shi aka fi ambata, ya samu matan lupus masu shekara 35 zuwa 44 sun fi takwarorinsu haɗarin bugun zuciya sama da sau 50, a shekarun da mace ba a cika ma tunanin zuciyarta ba. Binciken da ya biyo baya ya ba da adadi ƙasa da haka sosai, amma kowa ya yarda hawan jini da taba da kitse su kaɗai ba su isa bayani ba.

Gado

Ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo lupus ba, an gano wurare sama da 100 a cikin ƙwayoyin gado masu hannu a ciki. Tagwaye masu kama ɗaya ma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne suke kamuwa tare. Rinjayen mata ana danganta shi da kiromosom X da suke da biyu, a kansa ne ƙwayar gadon TLR7 take, wadda ke tada sinadarin garkuwar jiki mai suna intaferon, shi kuma intaferon in ya yi yawa yana lalata shimfiɗar cikin jijiya ya hana ta gyara kanta, nan ne kitse ke samun wurin maƙalewa.

A Suwidin an fi bin wannan layin. An alaƙanta wani nau'in ƙwayar gadon STAT4 da shanyewar ɓarin jiki da kuma sinadaran garkuwa masu sa jini daskarewa, sannan wani nau'in ƙwayar gadon IRF8 da toshewar jijiyoyin zuciya. Sai dai kusan duk Turawa aka gwada, alhali cutar ta fi tsanani ga mata masu asalin Afirka. A wajensu ƙwayar gadon APOL1 ake dubawa, nau'o'inta G1 da G2 sun yawaita a Afirka ta Yamma, ana ganin don suna kare mutum daga ciwon barci na ƙudan tsando, kuma an tabbatar suna gaggauta lalacewar ƙoda. Batun zuciya dai ana ja-in-ja.

Magani

Shan Furednisolon, maganin da ake ba masu lupus, na dogon lokaci yana ƙara hawan jini da suga. Haidiroksikulorokwin, wani maganin lupus ɗin, yana rage daskarewar jini. Gwajin gado bai shiga aikin asibiti na yau da kullum ba tukuna.