Bencin Kafinta

Bencin kafinta tebur ne mai nauyi da ƙarfi wanda ake ɗora katako a kai domin a yanka shi da zarto, a goge shi da filen, a huda shi, ko a haɗa shi da wani. Ko da yake kamarsa kamar tebur ce, aikinsa ya fi kusa da na mamatsi: abin da ake nema a gare shi shi ne ya riƙe katako gam, ya bar wa mai aiki hannuwansa biyu. Katako yana da fuska, yana da gefe, yana da baki, kuma benci nagari shi ne wanda zai iya riƙe shi a kowane ɗayan waɗannan ukun ba tare da ya motsa ba.

Tarihi

Romawa sun yi aiki a kan benci gajere, wato falle ɗaya na katako mai kauri da aka soka wa ƙafafu, mai aiki yakan hau kai ya danne katakon da jikinsa. An ga hoton irinsa a zanen bango a Herkulaniyum, garin da aman dutsen Besubiyus ya binne a shekara ta 79 miladiyya. A Japan kuwa, kafintoci sun saba aiki a ƙasa ko a kan dogon gungume, domin filen nasu jawowa ake yi ba turawa ba.

Salo biyu ne suka fi tasiri a kan bencin da ake yi a gida yau. Na farko shi ne na Faransa, wanda André-Jacob Roubo ya zana a littafinsa na aikin kafinta da ya fara fitowa a 1769. Samansa gungume ne mai kaurin gaske, ƙafafunsa manya, kuma fuskar ƙafafun gaba ta yi daidai da gefen saman, don a iya jingina dogon katako ko ƙofa a matse. Na biyu shi ne na Ingila, wanda ake danganta wa Peter Nicholson saboda littafinsa na 1812. Shi wannan samansa ba shi da kauri sosai, ƙarfinsa yana zuwa ne daga faffaɗan katako da aka kafa a tsaye a gaba da baya. Ba ya cin katako da yawa, kuma mai koyo zai iya gama shi da zarto, guduma da ƙusa.

Awo

Tsayi ne abin da ya fi damun jiki, kuma shi aka fi kuskurewa. Galibi yakan faɗa tsakanin santimita 80 zuwa 95. Hanyar da kafintoci suka saba aunawa ita ce mutum ya tsaya, ya saki hannuwansa, a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannu. Mai yawan aiki da filen yana son benci ya ɗan yi ƙasa, don nauyin jikinsa ya hau kan kayan aikin, ƙafafu su yi turin maimakon kafaɗu. Mai aikin da ke buƙatar ido kusa, kamar yankan haɗi, yana son ya ɗan yi sama don kada baya ya gaji. Idan ana shakka, a bar ƙafafun da tsawo, tunda ragewa ta fi ƙari sauƙi.

Tsawo yakan kai mita 1.5 zuwa 2.4, gwargwadon ɗakin. Faɗi kuwa santimita 50 zuwa 60 ya isa. Wanda ya wuce haka hannu ba ya kai ƙarshensa, sai ya zama wurin tara tarkace.

Katako

A Turai an fi amfani da itacen bic da ok, a Amurka kuma da mapul, saboda tauri da nauyi. Amma katako mai laushi irin na gini, kamar fayin, yana yin benci mai kyau idan aka ba shi kauri, har ma yana da wata fa'ida: idan kayan da ake ƙerawa suka bugu da benci, bencin ne zai lotsa, ba kayan ba. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne bushewa. Ɗanyen katako yana motsewa yana murɗewa bayan an gama aiki, haɗin da aka matse ya saki. Saboda haka ake jera katakon a ɗakin da bencin zai zauna na wasu makonni, da ƙananan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa.

Ƙafafu da haɗi

A nan ne ake gane benci mai ƙarfi. Duk lokacin da aka tura filen, ƙarfin yana bin tsawon bencin yana neman karkata ƙafafu gefe guda. Teburin da aka haɗa da ƙusa kawai zai jure kwana kaɗan, daga nan ƙusoshin su faɗaɗa raminsu ya fara rawa. Benci mai rawa kuwa yana shanye wani ɓangare na ƙarfin mai aiki, kuma yana sa kurfi ya zame, wanda hatsari ne ga hannu.

Maganin shi ne ƙafafu masu kauri, kamar santimita 8 zuwa 12 kowane gefe, da sanduna faffaɗa da ke haɗa su ta ƙasa. Haɗin da aka fi amincewa da shi shi ne na rami da harshe: a fafe rami a ƙafa, a sassaƙa harshe a bakin sanda ya shige daidai. Tsofaffin kafintoci suna ƙara wata dabara. Sukan huda ramin turke a jikin harshen ya ɗan goce wa ramin turken da ke jikin ƙafar da kamar milimita 1 ko 2 zuwa wajen kafaɗar harshen, ta yadda idan aka buga turken katako sai ya jawo haɗin ya matse da kansa, ko babu gam. Wanda yake tunanin wata rana zai tashi daga gidan yana iya haɗa dogayen sandunan da bol da noti, ya kwance lokacin ƙaura, ya kuma ƙara ɗaurewa idan sun saki. Kanta a kan sandunan ƙasa, in an ɗora mata kaya masu nauyi, tana ƙara wa bencin zama.

Saman benci

Gungume guda mai faɗi da bushewa yana da wuyar samu, don haka yawanci ana yanka katako sala-sala, a tsayar da su a kan gefensu, a manna fuska da fuska da gam har a sami kaurin santimita 6 zuwa 10. Ana manna uku ko huɗu a lokaci guda, don gam ba ya jira. Kafin a manna, a duba jijiyar kowane sala a sa su fuskanci wuri ɗaya, in ba haka ba filen zai riƙa tsage wasu yayin da yake goge wasu. Ana iya yin saman da falayi (plywood) hawa biyu ko uku, sai dai ba ya karɓar guga da filen idan ya lalace.

Katako yana kumbura da danshi yana motsewa da bushewa, kuma a faɗinsa yake yin haka, ba a tsawonsa ba. Idan da sukuru aka ɗaure saman, a faɗaɗa ramukan baya don ya sami wurin motsi, kada ya tsage. Bayan an ɗora, ana daidaita shi da dogon filen, a fara a karkace sannan a bi tsawo. Ana gane murɗewa da sanduna biyu miƙaƙƙu: a ɗora ɗaya a kowane ƙarshe, a duƙa a hango ko sun yi layi ɗaya.

Kayan riƙewa

Mamatsi na gaba yana riƙe katako a gefensa ko a tsaye, kuma ana kafa shi a hagu ga mai aiki da hannun dama. Ana huda jerin ramuka a saman, masu faɗin milimita 19 ko 20, inda ake soka turaku su tokare katako. A cikin ramukan nan ne kuma ake sa wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar sandar makiyayi: bugu ɗaya a kansa ya danne katako, bugu ɗaya a bayansa ya saki. Sauƙinsa da saurinsa sun sa mutane da yawa ba sa damuwa da mamatsi na biyu.

Ba a shafa wa saman banish mai sheƙi, domin santsi yana sa katako ya zame. Man linsid, wato man shafa wa katako da ake tatsa daga irin wata shuka, shafi ɗaya ko biyu ya isa ya hana gam mannewa. Tsumman da aka shafa man da shi yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, don haka ana shanya shi a waje ya bushe, ko a jiƙa shi a ruwa.