Sashe na 24 na dokar laifukan intanet: abin da ya kamata mata 'yan jarida a Kaduna su sani

Kwanakin nan wani saƙo yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan jarida a Kaduna. Wai duk wanda ya rubuta abin da ya ɓata wa wani babba rai zai sha ɗaurin shekara uku, wai ko mai kula da zaure ba zai tsira ba. Tsoron ya fi kama 'yan'uwanmu mata, musamman masu aikin wucin gadi a gidajen rediyo da masu ƙananan shafukan labarai a Facebook. Namiji in ya ji irin wannan, shi kaɗai yake yanke shawararsa. Mace kuwa sai miji ko uba ko yaya ya sa baki, a ce ta ajiye aikin tun kafin a kwana a ofishin 'yan sanda.

Dokar da ake magana a kai ita ce ta hana laifukan intanet, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015. Ta shafi kowa da ke amfani da waya ko kwamfuta, babu wani tanadi na daban ga ɗan jarida. Rigimar duka tana kan sashe na 24.

A yadda aka fara rubuta shi, sashen ya yi faɗi ƙwarai. Laifi ne a aika saƙon da ya yi muni ƙwarai ko na rashin ɗa'a, ko saƙon ƙarya da nufin ɓata wa wani rai, ko cin mutuncinsa, ko jefa shi cikin damuwa. To wane rahoto ne kan kwangilar da aka ci kuɗinta ba zai ɓata wa wani rai ba? Da wannan aka riƙa kama 'yan jarida. A nan Kaduna an kama Luka Binniyat a Nuwamban 2021 kan rahoton da ya rubuta game da kashe-kashen kudancin jihar, ya yi kusan wata uku a tsare kafin ya samu beli. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci sau biyu, a 2020 da 2022, cewa sashen ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, ta ce a gyara shi.

An gyara shi a Fabrairun 2024, da sa hannun Shugaba Bola Tinubu, kuma wannan ne masu yaɗa saƙon ba su faɗa. An cire ɓata rai, an cire cin mutunci, an cire jefa mutum cikin damuwa. Abu biyu suka rage a ƙaramin sashe na farko: saƙon batsa, da saƙon da mai aika shi ya san ƙarya ne, ya kuma aika da nufin haddasa karyewar doka da oda ko jefa rai cikin haɗari. A lura da wannan na biyun. Sai labarin ya zama ƙarya, sai an nuna kin san ƙarya ne lokacin da kika wallafa, sai kuma an nuna manufarki tayar da fitina ce ko sa rayuwar wani cikin haɗari. Kuskuren suna ko adadi a rahoton da kika yi bakin ƙoƙarinki wajen tantancewa bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Rahoton gaskiya kuwa, komai ɗacinsa, bai ma shiga ciki ba. Shekara ukun da ake ambata, da tarar naira miliyan 7, su ne iyakar abin da alƙali zai iya yankewa bayan an tabbatar da laifi a Babbar Kotun Tarayya. Batun mai kula da zaure kuma, sashen bai ambace shi ba. Sai an nuna hannunsa a cikin aika saƙon ko haɗa baki.

Duk da haka kada kowa ya saki jiki. "Karyewar doka da oda" magana ce mai talala, kuma a gari irin Kaduna, mai dogon tarihin rikici, ba wuya a liƙa ta a kan kowane labari. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan gyaran, a Mayun 2024, 'yan sanda suka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas, suka kai shi Abuja, suka tsare shi fiye da mako guda da sunan wannan doka. Ɓata suna ma har yanzu laifi ne a dokar hukunta laifuka ta jihar nan. Sannan sashe na 26 yana hukunta zagin mutane a bainar jama'a saboda ƙabila ko addininsu, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ko tarar naira miliyan 10. Wannan kam ban ga laifinsa ba, mun san abin da irin wannan magana ta jawo mana.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, rabin sashe na 24 da ya fi amfanar mata ba a cika jin labarinsa ba. 'Yar jarida ta gama shiri kan fyaɗe ko auren dole ko kuɗin ƙaramar hukuma, ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba: "Mun san unguwarku, mun san makarantar 'ya'yanki." Ko a ɗauki hotonta na biki a haɗa da na tsiraici, a turo mata, a ce ko ta janye labarin ko gobe dangin mijinta su gani. Yawanci sai ta goge saƙon da sauri don kada wani ya gani, ta yi shiru. Binciken UNESCO da cibiyar 'yan jarida ta ƙasa da ƙasa (ICFJ) na 2020 ya nuna kashi 73 cikin 100 na mata 'yan jarida da suka amsa tambayoyi sun fuskanci cin zarafi a intanet, kashi 20 kuma sun ce abin ya biyo su har fili.

Ƙaramin sashe na biyu an yi shi ne saboda irin wannan. Barazanar da ta sa mutum fargabar kisa ko duka ko rauni, ko barazanar garkuwa, hukuncinta shekara goma ne, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 25 ba, ko duka biyun. Barazanar zubar wa mutum mutunci don a tatsi wani abu daga gare shi, shekara biyar ko aƙalla naira miliyan 15. Kotu na iya kuma ba da umarnin hana mai laifin sake kusantar wadda ya cuta. Jihar Kaduna tana da nata dokar hana cin zarafin mutane tun 2018, wadda ta haɗa da tsoratarwa da bibiyar mutum. Saboda haka kada ki goge saƙon. Ki ɗauki hotonsa yadda lamba da rana da lokaci za su fito, ki tura wa editanki da wani amintacce, a rubuta koke.

Gaskiyar magana, ma'aunin bai daidaita ba. Koken mai muƙami yakan tayar da mota cike da jami'ai cikin kwana ɗaya, na 'yar jarida kuwa sai a ce ta yi haƙuri, ko a tambaye ta me ya kai mace irin wannan aiki. Garin da Hajiya Bilkisu Yusuf ta riƙe editan jaridar New Nigerian tun a 1987 bai kamata a ci gaba da jin wannan tambaya a cikinsa ba.

In kuma gayyata ta zo daga 'yan sanda, ki je da lauya. Tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin awa 24 in akwai kotu kusa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama miji ko ƙane a madadinki, kuma mace tana iya tsaya wa mutum beli, ko da an ce miki sai namiji. Matsalar ita ce kuɗin lauyan. Da yawa daga cikin matan nan ba su da takardar ɗaukar aiki, gidan da suke yi wa rahoto kan janye jiki da zarar magana ta kai ga hukuma. Ya kamata ƙungiyar mata 'yan jarida (NAWOJ) da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa (NUJ) reshen Kaduna su ware asusu na musamman da lauyan da za a iya kira ko da tsakar dare, su kuma buɗe shi har ga waɗanda ba su kai ga samun katin ƙungiya ba.