Matsalolin Rufin Kwano da Hanyoyin Gyara Su

Rufin kwano shi ne rufin da ake yi da fallayen ƙarfe masu tudu da kwari, a kafa su a kan katako ko ƙarfe da kusa ko noti. A ƙasar Hausa ya maye gurbin rufin azara da na ciyawa a birane da ƙauyuka da dama, domin ba shi da nauyi, ana gama shi cikin 'yan kwanaki, kuma ba ya neman yaɓe duk shekara kamar soro. Matsalolinsa da aka fi sani su ne yoyo, tsatsa, yayewa idan an yi iska, da zafi. Akasarinsu ba daga jikin kwanon suke farawa ba. Daga inda aka huda shi ne, ko inda falle ya hau kan falle, ko inda rufi ya haɗu da bango.

Asali da ire-irensa

Wani injiniya na tashar jiragen ruwa ta Landan, Henry Robinson Palmer, shi ya yi rajistar fasahar lanƙwasa fallen ƙarfe a 1829. Lanƙwasar ce ke ba falle siriri ƙarfin ɗaukar nauyi. A 1837 wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya don kare shi daga tsatsa, kuma har yau a zafin da ya kai kusan digiri 450 ake yin wannan tsomi. Daga baya, a 1972, kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da kwano mai rigar alminiyam kashi 55 cikin ɗari haɗe da tutiya, wanda ake kira aluzin a kasuwa.

A kasuwannin Najeriya ana samun kwanon tutiya da ake sayarwa bandir-bandir, falle 20 a kowane bandir, da dogon kwanon alminiyam da ake yankawa daidai tsawon rufi, mai kauri kamar milimita 0.45 ko 0.55, sai kuma mai rufin tsakuwa da ya yi kama da tayil. Kauri shi ne abin da mai gini ya fi yawan tsuke aljihu a kansa, kuma nan ne asara ta fi yawa. Fallen da ya yi siriri sosai yana lotsewa da taku ɗaya, kuma kan kusa yana yaga shi.

Yoyo

Inda ruwa ke ɗiga a ɗaki ba lallai nan ne hujin yake ba. Ruwa na iya shiga ta sama, ya bi katako ya gangara tsawon taku da yawa kafin ya jiƙa silin. Saboda haka kafinta mai sanin aiki yakan shiga cikin silin da tsakar rana ya nemi inda haske ke ratsowa, ya bi sawun baƙin tabon da ruwa ya bari a jikin katako har zuwa tushensa. In hakan bai nuna ba, sai mutum ɗaya ya riƙa zuba ruwa daga ƙasan rufi zuwa sama, ɗaya yana ciki yana kallo.

Ramin kusa ne kan gaba wajen jawo yoyo. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi, ya tsuke idan ya huce. Fallen ƙarfe mai tsawon mita 10 yakan ƙaru da kusan milimita 5 idan zafinsa ya tashi da digiri 40, na alminiyam kuwa kusan ninkin haka. Wannan ne ƙarar ƙas-ƙas da ake ji da hantsi da kuma bayan magariba. Yau da gobe motsin yana faɗaɗa ramin, kusa ta ɗago kai, robar da ke ƙarƙashin hularta ta bushe ta tsage. Mayar da kusar cikin tsohon raminta da guduma ba gyara ba ne, don katakon ya riga ya saki. Abin yi shi ne a cire ta, a sa noti mai roba wanda ya fi ta kauri, a ɗaure shi daidai yadda robar za ta kwanta ba tare da ta fashe ba. A kwano mai tudu da kwari, kan tudu ake buga kusa. Kwarin hanyar ruwa ce, kuma duk wanda ya huda nan ya buɗe wa ruwa ƙofa.

Na biyu shi ne haɗin fallaye. Ya kamata falle ya hau ɗan'uwansa ta gefe da tudu ɗaya da rabi, ta tsawo kuma da aƙalla santimita 15. Masu son bandir ya kai musu nisa sukan rage wannan hawa, sai ruwan da iska ke korowa ya kutsa ta ƙarƙashi. Rufin da ba shi da gangara sosai ya fi fama da wannan, domin ruwa na jinkiri a kansa.

Na uku, wanda ya yawaita a sababbin gine-gine, shi ne rufin da aka ɓoye a bayan bango don ado. Duk ruwan rufin yana taruwa a magudana guda kafin ya fita ta indararo. Ƙurar hunturu, ganyen darbejiya da ledoji sukan toshe ta a lokacin rani, sai ruwan farko ya cika ta ya koma cikin ɗaki. Share magudanar kafin damina aikin awa ɗaya ne, amma barinta yakan ci silin da fentin gida gaba ɗaya. Inda kwano ya haɗu da bango kuwa, siminti kaɗai ba ya riƙewa, saboda kwanon na motsi bangon na tsaye. Sai an sa lanƙwasasshen falle, bakinsa ɗaya a cikin tsagar bango, ɗayan ya sauko ya rufe kwanon.

Liƙi da kwalta da tsumma, wanda aka saba yi, yana tare ruwa na ɗan lokaci ne kawai. Rana na busar da kwaltar ta tsattsage, ruwa ya maƙale a ƙarƙashinta ya ci ƙarfen. Ƙaramin huji ya fi kyau a goge shi tas, a liƙa masa tef ɗin rufi ko facin kwano iri ɗaya da gam mai jure rana.

Tsatsa

Tutiyar da ke jikin kwano ita ke fara cinyewa kafin ƙarfen, shi ya sa ɗan ƙarce ba ya yin tsatsa nan da nan. Idan ta ƙare sai jan tabo ya bayyana. A busasshiyar iskar Arewa da Nijar kwano yana daɗewa fiye da a Legas ko Fatakwal, inda gishirin teku da laima ke gaggauta lalacewarsa. Wasu abubuwan kuma hannun mutum ne: bandir da aka jibge ruwa ya shiga tsakaninsa yakan yi farin tabo tun kafin a ɗora shi, garin ƙarfen da injin yanka ya watsa yakan yi tsatsa a kan sabon rufi, ɗanyen siminti yana cin alminiyam, haka nan wayar tagulla idan ta kwanta a kan kwano cikin danshi.

Tsatsar da ba ta huda ba ana kankare ta da buroshin waya, a wanke, a bari ya bushe, a shafa jan fentin kariya sannan fentin rufi. Fallen da ya fara rarakewa ba ya karɓar fenti. Canza shi ake yi.

Iska da gara

Guguwar farkon damina ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, kuma ta baki da kusurwa take kamawa. Don haka a waɗannan wurare ake ƙara yawan kusa. Sau da yawa ma ba kwanon ke rabuwa da katako ba, rufin ne dungurungum yake tashi saboda ba a ɗaure katakon da gini ba. Maganinsa a binne rodi ko langa-langa cikin kankaren saman bango, a naɗe katakon da shi. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake ɗorawa a kai suna tara ruwa da datti, kuma in iskar ta fi ƙarfinsu su kansu haɗari ne ga mutanen gida. Katakon da gara ta ci ba ya riƙe kusa komai yawanta, shi ya sa ake shafe shi da maganin gara kafin a ɗora.

Zafi, gumi da ƙara

Silin da ramukan shan iska a saman bango su ne babban maganin zafin bazara, kuma farin fenti yana mayar da hasken rana fiye da mai duhu. Silin ɗin yana rage ƙarar ruwan sama. A daren sanyi tururin ɗaki kan taru a ƙasan kwano ya riƙa ɗiga, har a zaci yoyo ne, alhali iska ce ba ta samun mafita.

Hawa rufi

Lokacin duba rufi shi ne ƙarshen rani, da sassafe kafin kwano ya yi zafi. Ba a hawa jiƙaƙƙen rufi. Ana taka layin kusa ne, inda katako yake a ƙasa, ko a shimfiɗa falanki a bi ta kansa, kuma a fara lura da wayar lantarki da ta ratsa kusa da gidan kafin a ɗaga dogon falle sama.